Gani Ya Kori Ji: Tarihin Ƙoƙarin Ganin Ƙananan Jijiyoyin Ƙwaƙwalwar Masu Shanyewar Ɓarin Jiki

1.0 Gabatarwa

Dattijo ya kwanta lafiya ƙalau. Da asuba ya miƙa hannu zai ɗauki buta, hannun ya ƙi. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar wannan ɓarin ita ma ta kasa ɗaukarsa, bakinsa kuma ya ɗan karkace. Duk da haka hankalinsa na nan daram, yana gane kowa, yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Da wuya a sami unguwar da ba a taɓa ganin irin wannan ba a garuruwanmu, kuma kafin a kai ga asibiti an riga an yi ta kawo dalilai, wani ya ce iska ce, wani ya ce jifa ne. Abin da binciken likitanci ya tabbatar shi ne, sau da yawa musabbabin wannan larura wata ƴar jijiyar jini ce can a tsakiyar ƙwaƙwalwa, siririya kamar zaren ɗinki.

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin yadda aka yi aka kai ga ganin waɗannan jijiyoyi. Tafiya ce ta shekara 170, daga 1838 zuwa 2008, kuma ta kasu zango uku. Da farko an ga sawun ɓarnar a jikin gawa. Daga bisani aka ga sawun a jikin mai rai. A ƙarshe na'urar hoton maganaɗisu, wadda aka fi sani da MRI, ta nuna jijiyar kanta ƙarara, mai ita yana numfashi.

2.0 Jijiyar da Ake Magana a Kanta

Kalmar jijiya a Hausa tana da faɗi. Da ita ake kiran wadda ke ɗaukar saƙo, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma wadda jini ke gudana a cikinta. A nan ana nufin ta ukun, musamman wadda ke kai jini daga zuciya zuwa ga gaɓoɓi.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai manyan jijiyoyi masu kaurin ƴan milimitoci. Daga jikin ɗaya daga cikinsu, a kowane ɓari na kai, wasu ƴan rassa suke tsirowa su huda su shige cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa. Yawancinsu kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba. Abubuwa biyu ne suka sa rassan nan cikin haɗari. Na farko, kai tsaye suke ɓallewa daga babbar jijiya, saboda haka ƙarfin bugun jini yana dukansu ba tare da ya ragu sosai ba. Na biyu, kowane reshe yankinsa yake shayarwa shi kaɗai. Mai noman rani zai fahimci wannan: fangalin da hanyar ruwa guda ke shiga cikinsa, in ta toshe, babu maƙwabciyar da za ta kawo masa ɗauki.

Wurin da suke shayarwa kuwa mashiga ce mai matsi. Duk wayoyin saƙon da ke saukowa daga saman ƙwaƙwalwa zuwa fuska da hannu da ƙafa a nan suke cunkushewa su wuce. Shi ya sa ɓarnar da ba ta fi ƙwayar wake ba take iya kwantar da rabin jikin mutum. Irin wannan shanyewa ita ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na duk shanyewar da toshewar jijiya ke haddasawa.

3.0 Zango na Farko: Shaidar Gawa

Tun a 1658 wani likitan ƙasar Suwizalan, Johann Jakob Wepfer, ya nuna ta hanyar binciken gawa cewa zubar jini a cikin kai tana janyo wannan ciwo. Sai dai manyan raunuka kawai idonsa ya iya gani. Labarin ƙananan ya fara ne a asibitocin tsofaffi na birnin Faris. A 1838 Amédée Dechambre ya bayyana wasu ƴan ramuka da ya riƙa tararwa a tsakiyar ƙwaƙwalwar mamata, ya kira su da kalmar Faransanci mai ma'anar gurbi ko ƙaramin rami. Maxime Durand-Fardel ya ƙara bayani a kansu a littafinsa na 1843. A 1868 Jean-Martin Charcot da Charles Bouchard suka ba da rahoton ƴan ƙulle-ƙulle a jikin ƙananan jijiyoyin waɗanda zubar jini ta kashe, kuma a 1874 Henri Duret ya zana taswirar rassan da yankunan da suke shayarwa. Saboda yawan ɓarnar da aka danganta da ɗaya daga cikinsu, Charcot ya laƙaba mata sunan jijiyar zubar jinin ƙwaƙwalwa. A 1901 Pierre Marie ya haɗa ramukan da alamomin da aka gani kafin mutuwa, har da irin tafiyar nan ta tsofaffi ta gajerun taku.

Bayan Marie maganar ta kwanta fiye da shekara hamsin. Wanda ya tashe ta shi ne Charles Miller Fisher, mutumin Kanada da aka haifa a 1913. Likitan sojan ruwa ne a Yaƙin Duniya na Biyu, aka nutsar da jirginsu a 1941, ya shafe fiye da shekara uku yana fursunan yaƙi a Jamus. Daga baya ya zauna a wani babban asibiti a birnin Boston na Amurka, inda ya haɗa duba marasa lafiya da binciken gawa. A 1965 ya wallafa sakamakon duba ƙwaƙwalwar mamata 1,042. Ya sami ramukan a 114, kuma 111 daga cikin waɗannan suna da shaidar hawan jini.

Fisher bai tsaya nan ba. Yakan yanko ɓangaren da ramin yake, ya yayyanka shi falle-falle, dubban falle, kowanne ya fi fatar albasa sirantaka, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, yana bin sawun jijiyar daga ramin zuwa tushenta. A 1969 ya ba da rahoton ramuka 50 daga ƙwaƙwalwa huɗu. A 45 daga cikinsu ya tarar jijiyar da ke shayar da wurin ta toshe gaba ɗaya, kuma a yawancinsu bangonta ne ya lalace, ya yi kauri, tsarinsa ya wargaje. Shi ne kuma ya tsara alamomin da likita zai gane wannan nau'i da su a gefen gado, kamar shanyewar fuska da hannu da ƙafa a ɓari guda alhali fahimta da gani ba su taɓu ba, wato irin halin dattijon da aka fara da shi.

Aikin Fisher yana da iyaka, kuma shi kansa ya san da ita. Wannan nau'in shanyewa ba kasafai yake kisa nan take ba. Ramukan da ya duba galibi tsofaffi ne, an yi watanni ko shekaru da samuwarsu. Ya zama kamar mai binciken gobara da ya iso bayan damina ta wanke tokar. Ƙari a kan haka, babban ɓangare na ilimin duniya game da waɗannan jijiyoyi ya rataya ne a kan ƙwaƙwalwar ƴan tsirarun mutane.

4.0 Zango na Biyu: Leƙa Cikin Kan Mai Rai

Hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a 1895 ƙashi yake nunawa, ƙwaƙwalwa kuwa sai ta fito kamar hazo. A 1927 Egas Moniz na birnin Lisbon a Fotugal ya yi dabarar ɗura wani ruwa mai tare hasken a cikin jijiyar wuya, sannan ya ɗauki hoto. Ta haka aka fara ganin manyan jijiyoyin kai a jikin mai rai. Da aka inganta dabarar, akan hango ƴan rassan nan dishi-dishi. Sai dai aikin yana buƙatar huda jijiya, kuma shi kansa yana iya janyo shanyewa, saboda haka ba a yi wa kowa shi.

Ranar 1 ga Oktoba 1971 aka ɗauki hoton kan mara lafiya na farko da na'urar CT a wani asibiti da ke Wimbledon a Landan. Injiniya Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, kuma ya sami kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Na'urar ta warware babbar matsala guda, domin cikin ɗan lokaci tana bambance zubar jini da toshewa, kuma maganinsu ya saɓa wa juna. Har gobe wannan ne babban aikinta a ɗakin gaggawa. Amma sabon ƙaramin rauni a tsakiyar ƙwaƙwalwa sau da yawa yakan kuɓuce mata, musamman a ranar farko.

5.0 Yadda Maganaɗisu Ya Shigo Asibiti

Asalin MRI ba shi da alaƙa da likitanci. A 1938 Isidor Rabi ya nuna cewa cibiyar ƙwayar zarra tana amsa igiyar rediyo idan aka sa ta cikin filin maganaɗisu. A 1946 Felix Bloch da Edward Purcell, kowanne da tawagarsa, suka auna wannan amsa a cikin ruwa da daskararren abu, aka ba su kyautar Nobel a 1952. Kusan shekara 25 masana sinadarai ne suka fi cin moriyar abin, suna tantance tsarin sinadarai da shi.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Mafi yawan jikin mutum ruwa ne, kuma kowace ƙwayar ruwa tana ɗauke da haidirojin biyu. Cibiyar haidirojin tamkar ƴar mitsitsiyar allurar kamfas ce. In aka shigar da mutum cikin maganaɗisu mai ƙarfi, sai alluran su karkata ga bin layinsa. In aka buga musu igiyar rediyo da ta dace sai su kauce, da an tsayar da bugun kuma sai su koma mazauninsu suna fitar da wani raunanan sauti na rediyo, wanda na'ura ke kamawa. Zangon wannan sauti yana bin ƙarfin maganaɗisun ne, wanda ake aunawa da ma'aunin tesla. A tesla 1.5 yana kusa da megahaz 64, ƙasa kaɗan da zangon tashoshin FM. A tesla 7 yana kusa da megahaz 300.

A 1971 Raymond Damadian ya ba da rahoton cewa ƙarin daji da lafiyayyen nama ba su koma wa mazauninsu da sauri ɗaya. Sauran tambayar ita ce, ta yaya za a san daga wane wuri a cikin jiki kowane sauti ya fito? Paul Lauterbur na jami'ar Stony Brook a Amurka ya amsa ta. Ya ce a sa ƙarfin maganaɗisun ya riƙa ƙaruwa sannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ta yadda kowane wuri zai yi nasa amon, kamar tsirkiyoyin da aka ɗaure da tauri daban-daban. Da wannan dabara ya fitar da hoton ƴan bututu biyu masu ruwa. Mujallar Nature ta fara ƙin karɓar takardarsa, daga baya ta buga ta a watan Maris na 1973. Peter Mansfield na Nottingham a Ingila ya samar da lissafi da hanyoyin hanzarta ɗaukar hoton. A 1980 tawagar John Mallard a Aberdeen ta Sikotland ta ɗauki hoton mara lafiya da na'ura mai ɗaukar jiki duka. Lauterbur da Mansfield sun sami kyautar Nobel a 2003.

6.0 Abin da Sabon Idon Ya Fara Nunawa

Da na'urorin suka bazu a asibitoci cikin shekarun 1980, likitoci suka ci karo da abin da ba su zata ba. Tsofaffi da yawa waɗanda ba su taɓa shanyewa ba, sai ga ramukan Dechambre a hotunansu, tare da fararen tabbai a zurfin ƙwaƙwalwa. A 1987 Franz Fazekas, ɗan ƙasar Ostiriya, da abokan aikinsa suka tsara ma'aunin tantance yawan tabban, wanda ake amfani da shi har yau. Sannu a hankali aka gane cewa shanyewar da ake gani ɓangare ce kawai ta wata cuta mai cin ƙananan jijiyoyi a ɓoye, wadda kuma take da hannu a mantuwar tsufa da tangaɗin tafiya.

Matsalar bambance sabon rauni da tsoho ita ma ta sami mafita. A tsakiyar shekarun 1980 Denis Le Bihan a Faransa ya nuna yadda za a auna kai-komon ƙwayoyin ruwa a cikin ƙwaƙwalwa. A 1990 Michael Moseley da abokansa a San Francisco suka gwada dabarar a kan kyanwoyi, suka ga cewa jim kaɗan bayan yankewar jini ruwan wurin yakan takura, sai wurin ya haskaka a hoto. Wannan ya ba likita damar nuna ainihin ɗigon da ya kwantar da mara lafiya a yau, ko da kuwa akwai tsofaffin ramuka goma kewaye da shi.

Amfanin wannan tantancewa ya fito fili a wani gwaji da aka wallafa a 2012, mai suna SPS3. An tara mutum 3,020 waɗanda MRI ta tabbatar irin wannan ƙaramin rauni ne ya same su. Aka ba wasu asfirin kaɗai, wasu kuma aka haɗa musu da wani maganin hana jini dunƙulewa na dogon lokaci. Haɗin bai rage dawowar shanyewa yadda aka yi fata ba, sai ma ya ƙara zubar jini da mace-mace. Darasin shi ne, cutar ƙananan jijiyoyi tana da halinta na daban, kuma abin da ya yi wa babbar jijiya amfani ba lallai ya yi wa ƙarama ba.

A 2013 wata tawagar masana daga ƙasashe da dama, wadda Joanna Wardlaw ta jami'ar Edinburgh ke cikin jagororinta, ta daidaita sunayen alamomin cutar a hoton MRI. Alamomi shida aka lissafa, kuma dukkansu ɓarna ce a naman ƙwaƙwalwa da kewayen jijiya. Babu ko ɗaya da take hoton jijiyar kanta. A aikin yau da kullum na asibiti, ke nan, sawun ne har lokacin ake bi.

7.0 Zango na Uku: Jijiyar Kanta

Tun ƙarshen shekarun 1980 aka san dabarar ɗaukar hoton jijiyoyi da MRI ba tare da allura ba. Ana ta maimaita bugun rediyo a kan wani yanki da sauri har naman da ke zaune wuri guda ya gaji, sautinsa ya dushe. Jinin da ke kwararowa daga waje kuwa bai sha bugun ba, saboda haka shi kaɗai yake haske. Da na'urorin tesla 1.5 dabarar tana nuna manyan jijiyoyi sarai, amma ƴan rassan sun fi ƙarfin idonta.

Maganin abin shi ne ƙara ƙarfin maganaɗisu, domin sautin yakan ƙaru, naman da ke kewaye kuma ya fi saurin dushewa. A 2008 Zang-Hee Cho da tawagarsa a jami'ar Gachon da ke Incheon a Koriya ta Kudu suka wallafa hotunan da suka ɗauka da na'ura mai tesla 7, wato ƙarfin da ya ninka na maganaɗisun duniya fiye da sau dubu ɗari. A hotunan ga rassan da Duret ya zana daga gawa a 1874, suna tashi daga uwar jijiya suna lanƙwasa suna shigewa ciki, a kan mutum mai rai, ba a huda shi ba, ba a ɗura masa komai ba. A 2009 tawagar ta ba da rahoton cewa rassan da ake iya gani sun fi ƙaranci a masu hawan jini, a 2010 kuma ta sami irin wannan ragi a waɗanda suka taɓa shanyewa. Daga baya masu bincike a Utrecht ta ƙasar Holan suka kai ga auna saurin jini da bugunsa a cikin waɗannan rassa. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da na'ura mai tesla 7 wajen duba marasa lafiya.

Ganin jijiyar ya ba da damar komawa kan tsofaffin tambayoyi. Shin bangon ƙaramin reshen ne ya lalace, ko kuwa kitse ne ya taru a uwar jijiya ya toshe bakinsa, kamar yadda Louis Caplan ya jaddada a 1989? Shin ko yaushe toshewa ce, ko kuwa wani lokaci bangon ne yake yoyo yana lalata naman da ke kewaye, kamar yadda Wardlaw da wasu suke gani? Amsar kowace tana iya sauya irin maganin da za a nema.

Sai dai wajibi ne ɗalibi ya karanta waɗannan sakamako da lura. Dabarar gudun jini take gani, don haka reshen da bai fito a hoto ba mai yiwuwa yana nan, jininsa ne ya yi sanyin tafiya. Ragin rassa bayan shanyewa yana iya zama sanadi, yana kuma iya zama sakamako, tunda naman da ya mutu ba ya neman jini. Binciken farko a kan mutane kaɗan aka yi su. Mafi ƙanƙantar rassan, inda Fisher ya ga ɓarna da yawa, har yanzu madubinsa ya fi na'urar ganinsu. Ga tsada, ga nauyin tan-tan, ga buƙatar ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri da lantarkin da ba ya yankewa. Ga shi kuma ɗan motsin kai kaɗan yakan ɓata hoton, alhali sabon mai shanyewa da wuya ya iya kwanciya shiru.

8.0 Inda Tarihin Ya Taɓa Mu

Wannan labari a Faris da Boston da Incheon ya gudana, amma cutar tana tsakar gidanmu. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Gana da Nijeriya, ciki har da na Akara da Kumasi da Ibadan da Zariya da Kano, ya yi amfani da hoton CT ko MRI wajen tantance masu shanyewa. Rahotonsa na 2018 ya danganta kimanin kashi 90 cikin 100 na shanyewar da hawan jini. Binciken ya kuma nuna cewa a cikin shanyewar da toshewa ke janyowa, ta ƙananan jijiyoyi ce ta fi yawa. Ke nan yankin da na'urorin suka yi ƙaranci yana cikin waɗanda suka fi ɗaukar nauyin cutar da aka ƙera su don gani.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna yadda aka tashi daga ramin da Dechambre ya gani a gawa a 1838, aka bi ta madubin Fisher da na'urar Hounsfield da dabarar Lauterbur, har aka iso ga hoton jijiya mai gudana a 2008. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a nan ganin ya kori zato mai yawa, ya kuma buɗe tambayoyin da ba a gama amsawa ba. Abu guda ne bai sauya ba tun daga ƙwaƙwalwa 111 na Fisher har zuwa rahoton 2018, wato matsayin hawan jini a matsayin babban mai cin waɗannan jijiyoyi. Na'urar gano shi kuwa ta girmi MRI nesa ba kusa ba. Scipione Riva-Rocci ya fito da madaurin hannu na awon jini a Italiya a 1896, Nikolai Korotkoff na Rasha ya ƙara masa hanyar saurare a 1905. Dattijon da aka buɗe maƙalar da shi da wuya ya taɓa shiga na'ura mai tesla 7, amma wannan madauri yana nan a ɗakin shan magani na unguwarsu, kuma shekaru kafin asubar da hannunsa ya ƙi ɗaukar buta, da ya nuna abin da ke tafe.